Babur ɗin Tsinke

Ƙanena Makaniki,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara. Direba ya ce ya same ka kana tari kamar tsohuwar mota, ina fata ya sake ka. Ni dai ga ni nan. Gwiwar nan ta hagu ce ta sa ni gaba, in na daɗe a kan keken ɗinki sai na dafa bango kafin in miƙe. Ban da ita lafiyata ƙalau.

To, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ina babur ɗin ɗana?

Tun ana ruwan sama na sa aka ɗora shi a motar direban nan mai kai kaya garinku, ga shi har ƙasa ta bushe, kai ko “ya iso” ba ka aiko min ba. Na san tun da yaƙin nan ya kakkarya turakun waya a wajenku kira ba ya shiga, amma ai takarda ba ta ƙare a duniya ba. Duk zuwan direba sai na tare shi a bakin titi, shi kuwa ya sosa ƙeya ya ce min wai kana kan aiki. Wane irin aiki? Abu ɗaya na roƙe ka: babur ya ƙi tashi, ka sa ya tashi. Ko jirgin sama na aiko maka, ai da yanzu ya tashi.

Ba don na rasa makaniki a nan na tsallake su na aiko maka ba, a layinmu ma ga su nan birjik. Amma kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, kuma a garejinka Tsinke ya koyi riƙon sufana tun bai fi benci tsawo ba. A garejin nan naka ya harhaɗa babur ɗin daga tarkace. Na ce in har wani zai sa masa hannu, to ya zama hannun da ya koya wa mai shi.

Ka san abin da aka kawo min. Mutum biyu cikin kaki suka tsaya min a ƙofa, suka karanta min takarda, suka miƙo min jaka. Ba gawa, ba kabari, ko sunan inda ya faɗi ba su gaya min ba, wai doka ta hana. A cikin jakar kuwa takalma ne waɗanda ko a mafarki ƙafar Tsinke ba za ta cika su ba. Na ɗan wata ne, ita ma tana can an ba ta na wani. Abin da ya rage min na yaron nan shi ne babur ɗin, shi ya sa na shigo da shi ɗakin ɗinki na ajiye shi kusa da keke. Masu kawo ɗinki suka yi ta ƙorafi wai yana ɓata musu kaya da baƙin mai. Na ce wadda abin bai yi mata ba, ga teloli can cike da kasuwa.

Yanzu wurin ya yi fayau, sai ɗigon mai a siminti. Na hana a goge.

Wata mai kawo min ɗinki ta ce ɗan'uwanta ya ga wani makaniki a garinku yana ta shawagi a kan wani babur. Ban ce kai ne ba. Amma in kai ne, ka sauka.

Ka ba direba amsa a rubuce, kada ka ba shi da baki, don shi bakinsa ba ya riƙe komai sai sigari.

Yayarka mai ɗinki

* * *

Yaya,

Na karɓi wasiƙarki, na kuma ji muryarki a cikinta, har sai da na waiga in ga ko kina bayana da almakashi. Tari ya yi sauƙi, hayaƙin injuna ne kawai. Ƙanwarki, matata, tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ki kuma rage zama a kan keke. Na ce mata gaya miki wannan da gaya wa bango duk ɗaya ne.

Haba Yaya, ni zan yi shawagi da babur ɗin Tsinke? Wanda aka gani ni ne, amma gwaji nake yi, daga gareji zuwa bakin gada in dawo. Makaniki ba ya sallamar abin hawa bai hau ya ji lafiyarsa ba.

Maganar tashi kuwa, ranar da ya iso ya tashi. Mai ne ya daskare a kafireta saboda dogon zama, sai fulogi da ya mutu. Direba bai gama sauke kayansa ba ya ji ƙararsa. Amma da na ja da baya na ƙare masa kallo sai kunya ta kama ni. Yaya, a haka za a ce wannan daga garejina ya fito? Tanki ya lotsa a gefen dama kamar an zauna masa. Sirdi a yage, an yi masa faci da wani ƙyalle. Robar hannu ta suɗe har ƙarfe na leƙowa. Salansa a fashe, in ya tashi duk karnukan unguwa sai sun amsa. Fenti kuwa kala-kala, ba wanda ya san ɗan'uwansa.

Ban taɓa barin abin hawa ya fita ƙofar nan da aibin da idona ya gani ba, ba kuma a kan na Tsinke zan fara ba. Na kwance tankin, na buge lotsawar daga ciki a hankali, yanzu ko kin shafa ba za ki gane inda take ba. Na sa sabon sirdi, sabuwar roba, sabuwar salansa. In yana aiki yanzu, sai kin matso kusa za ki san a kunne yake. Abin da ya ci min lokaci fenti ne. Wani kore nake nema mai duhu, na duba duk shagunan garin nan babu, sai da na sa aka zo min da shi daga nesa, kin kuwa san yadda hanya take yanzu. Na fesa, na bar shi ya bushe, na sake fesawa, sannan na ja farin layi a gefen tanki.

Shirun da na yi, so nake kawai ki gani da idonki. Wallahi, Yaya, in kika gan shi ba za ki gane shi ba. Jiya ma wani ya tsaya yana tambaya ko sabo ne daga kwali.

Madubi ɗaya ya rage nake jira, da ya zo zan ɗora shi a mota. Ki share masa wuri, ki kuma gaya wa masu ƙorafi ɗigon mai ya ƙare.

Ƙanenki

* * *

Makaniki,

Lafiyata lau, ina fata ku ma haka. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

“Ba za ki gane shi ba.” Ka rubuta wannan da hannunka, ka ninke, ka ba direba, kana murna. A tsaye na fara karantawa, sai da na laluɓi kujera. Wa ya aike ka? Ni dai na san ba ni ba ce.

Bari in gaya maka abin da ka buge da gudumarka. A hutunsa na ƙarshe yaron nan ya matsa min sai ya ɗauke ni a babur, ni da ban taɓa hawa ba. Ya ce, “Mama, zagaye ɗaya kawai.” Na hau. Muna kaiwa kwanar layi ya ɗan karkata, ni kuwa na ƙanƙame shi har na rufe masa ido, muka tafi gaba ɗaya cikin kwata. Tankin ya daki bakin siminti. Tsinke yana kwance cikin ruwan datti yana dariya har ya kasa tashi, ni ina jibgarsa da takalmi ina dariya. Rabona da dariya irin ta ranar ke nan. Kullum da safe kafin in hau keke nakan sa tafin hannuna a cikin lotsawar nan, daidai take da shi. Ita ce ka ce kamar an zauna masa.

Sai kuma “wani ƙyalle”. Ni na yi facin nan da hannuna, daga wandonsa na makaranta na yanko. Robar da ka jefar, yatsunsa ne suka cinye ta, ta hagu ta fi ta dama suɗewa saboda yadda yake matse ta. Salansar kuwa, ai ita ce ma ta sa na aiko maka da babur ɗin. Duk layin nan an san ƙarar nan. Tun yana bakin babban titi nake jin sa, in tashi in ɗora masa ruwa a wuta. Maƙwabta sun sha kawo min ƙara, a baki ina ba su haƙuri, a zuci ina cewa ku toshe kunnuwanku. So nake in sake jin ta ko da jefi-jefi ne, in rufe ido, in yi wa kaina ƙarya na ɗan lokaci. Kai kuma ka zo kana min albishir wai sai na matso kusa zan san a kunne yake!

Masu kaki sun hana ni gawarsa, na ce su baƙi ne, ba su san shi ba. Kai fa? Kai da ka san shi ciki da waje ka ɗauki abin da suka bar min ka wanke shi tas, ka goge ɗana daga jikinsa, don kada a ce garejinka ya fitar da abu mai aibi. Sunan garejinka ya fi maka.

Ka saurare ni da kyau. Ba na son sabo daga kwali. Ka nemo sirdinsa da robarsa da salansarsa ka mayar. Ka kankare korenka. Lotsawar nan, yadda ka fitar da ita haka za ka mayar da ita, ai gudumar ba ta ɓata ba. In ba za ka iya ba, kada ka aiko min da shi. Ka riƙe abinka a ƙofar gareji, masu wucewa su yi ta yaba maka.

Uwar Tsinke

* * *

Yaya,

Muna nan lafiya. Tarin ya ɗan dawo, amma ba shi ne damuwata ba.

Kin haɗa ni da masu kaki. Da na zo wurin nan na ajiye takardar na fita waje, don ban so iyalina su ga fuskata. Yaron nan a ɗakina ya kwana shekara da shekaru, a kwanona ya ci. Ranar da walda ta ƙona masa hannu ni na goye shi zuwa asibiti. Ke an zo ƙofarki an karanta miki takarda. Ni a bakin direba na ji, yana sauke buhuna, yana cikin yi min ƙorafin tayar motarsa ya jefo min ita. Ke an cika miki gida da gaisuwa. Ni ba wanda ya ce min sannu, tunda ni kawu ne na nesa.

Ba zan ɓoye miki ba, tsofaffin kayan sun tafi. Masu sayen ƙarafa sukan zo su kwashe abin da ke bayan gareji, salansar ta bi su. Da wasiƙarki ta zo na bi su har filin da suke tarawa, na yi ta tonon tarkace har hannuna ya yi jini, aka ce an riga an loda na lokacin an tafi da su. Sirdi da roba kuwa an ƙone su da shara. Ban san labarin kwata ba, ban san na wandon makaranta ba. Da kika aiko da babur ba ki ce min kada in taɓa kaza da kaza ba. Makaniki kika aiko wa, Yaya, ba mai gadi ba.

Kika ce korena. Ba nawa ba ne. Ranar da za a wuce da su bakin daga, motarsu ta tsaya a garin nan, ya roƙi izini ya shigo gareji cikin kakinsa. Ya same ni ina fesa wa wata mota fenti. Ya tsoma yatsa a gwangwani ya shafa a bayan ƙofar gareji, ya ce, “Kawu, wannan kalar. In na dawo zan kawo babur ɗin mu kwance shi gaba ɗaya, mu buge tankin, mu ja farin layi, mu sa masa salansa ta mutunci.” Ya ce ya gaji da Mama tana ba maƙwabta haƙuri saboda shi. So yake wata rana ya shigo layi ba ki ji ba, sai dai ki ɗaga kai daga keke ki gan shi tsaye a ƙofa. Shafin yatsan nan yana nan har yau. Da shi na yi ta gwada fenti har na samu wanda ya dace, abin da ya cinye watannin da kike ƙirga min ke nan.

Ba don masu wucewa na yi ba. Aikin da ni da shi muka shirya ne, na yi shi ni kaɗai.

Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa ɗaga guduma na lalata abu mai lafiya ba. Amma ke kika haife shi, ba ni ba. In direba ya dawo da amsarki kin ce in bari, zan bari. In ya dawo hannu wofi, na san kina kan bakanki, zan yi abin da kika ce da hannuna, ba zan ba wani ba.

Ƙanenki, ko kin so ko ba ki so ba

* * *

Ƙanena,

Ina gaishe ku duka. Tarin nan mai tafiya yana dawowa ba na hayaƙi ba ne kawai, ka je a duba ka, ka daina taurin kai. Gwiwata tana nan yadda ka san ta.

Direba ya tsaya a ƙofa yana jiran amsa, yana ta danna ham. Ban ba shi komai ba. Ba wai ina kan bakana ba ne, biron ne na kasa riƙewa. Na karanta, na ninke, na shiga ciki na zauna a bakin gado. Da na fito ya tafi. Yanzu kuma an ce an rufe hanya, ana faɗa a wajen gada, don haka takardar nan za ta zauna a kan keke sai mota ta motsa.

Kada ka ɗauka na huce. Har yanzu ina jin haushinka. Kana da maganar ɗana ta ƙarshe a bayan ƙofarka, da yatsansa da komai, ka zauna a kanta duk tsawon lokacin nan ba ka gaya min ba? Ni nan ina ta tambayar kaina me ya ce a ƙarshe, wa ya gani, ashe amsar tana wajenka kana gwada fenti da ita. Shi ma ɗan banzan, wa ya ce masa na gaji da ba da haƙuri? Ya tambaye ni? Ku biyun nan halinku ɗaya, ku yanke wa mutum abin da yake so ku yi ta murna.

Allah ya jiƙan ɗanka, ƙanena. Sannu. Ga ta nan, na faɗa.

Yanzu ka ji ni. Ka bar shi kore. Kada ka kankare komai, kada ka ɗaga guduma. Babur ɗin da ya bari ya riga ya tafi, to a ba ni wanda ya so. Ka aiko min shi da farin layinsa, in ga abin da yake so in gani. Ƙofar garejin nan kuma, duk wanda ya wanke ta ni da shi ne.

Yayarka

Ƙari: Takardar nan ta daɗe a ajiye har gefenta ya fara naɗewa. Kullum sai na ja ƙafa na je tasha, ba mota ko ɗaya. Jiya na yi cacar baki da wani mai kaki a shinge, na ce takarda ce kawai, ya ce ko allura ba ta wucewa. Don Allah ka jira ni. Kai da ka iya jiran fenti, ka jira wannan.

* * *

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Mu muna nan.

Direba ya dawo hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce kin karanta, kin ninke, kin shige ciki kin bar shi a tsaye. Na ce to, na ji amsa. Bayan nan aka rufe hanya. Na yi kwanaki ina zagaya babur ɗin ko zuciyata za ta ba ni wata dabara, ba ta ba ni ba.

Na yi abin da kika ce. Na rufe gareji don kada kowa ya gan ni. Na bi fentin da takardar yashi na kankare, amma tsofaffin kalolin ba su dawo ba, don na riga na goge su tun farko. Abin da ya fito ƙarfe ne tsirara, dabbare-dabbare. Na yanka sirdin da reza a inda yagar take, na bar shi haka, ni ban iya faci ba. Salansar na huda ta nan, na tayar na saurara, na sake hudawa can. Tana ƙara kam, amma ba tasa ba ce, ni ma na san tasa. Tankin na bari a ƙarshe. Bugun farko ko alama bai yi ba, hannuna ya ƙi. Da na cije na sake, sai ya wuce yadda nake so.

Ya yi muni, Yaya. Ba wanda Tsinke ya bari ba ne, ba kuma wanda ya so ba. Kin sa ni na yi abin da ban taɓa yi ba, ina kuma jin haushinki, ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Abu ɗaya zan gaya miki a matsayina na makaniki. Ban buɗe cikin injin ba. Kafireta da fulogi a waje suke. Cikin kuwa shi ya haɗa shi, shi ya ɗaure kowane noti da hannunsa, ina tsaye a kansa ina masa tsawa. Na saurare shi ban ji aibi ba, don haka ban taɓa ba. Duk abin da ke ciki yadda ya bar shi yake. Sai dai inji ba ya son zama. In kika mayar da shi kusa da keke kika bar shi a tsaye, tsatsa za ta kama shi daga ciki ya cije, daga nan dole sai an buɗe shi. A riƙa tayar da shi, a bar shi ya yi zafi sosai kafin a kashe.

Ƙanenki

Ƙari: Yau aka buɗe hanya. Muna cikin ɗaure babur ɗin a bayan mota, direba ya laluɓo wasiƙarki daga aljihu ya miƙo min. A tsaye na karanta ta a tasha. Ya ga fuskata, ya tambaya ko a sauke. Na ce a'a, fentin ya ƙare, ba kuma zan iya sake farawa ba.

* * *

Ƙanena,

Ya iso. Ina gaida mutan gidan. Ba ka ce min komai a kan zuwa asibiti ba, na san ba ka je ba.

Da aka sauke shi mutanen layi suka taru. Wata ta riƙe haɓa ta ce, “Wannan kuma wa ya yi masa wannan wulaƙancin?” Na ce ni da ƙanena ne, sai yaya? Ta ja bakinta ta yi gaba.

Fenti ka jira shi wata da watanni, ni ka kasa jira na. Direban nan ma na wanke shi tas, mutumin da bai iya kai saƙon baki ba, ranar nan kaɗai ya ga damar kai maka labarin fuskata. Su kuma masu rufe hanya, Allah ya isa. Sun ɗauke min yaro bai ishe su ba, sai da suka tsare min takarda.

Na ga koren. Akwai saura a ƙarƙashin tanki, inda takardar yashinka ba ta kai ba. Sai da na durƙusa da gwiwar nan na leƙa. Yaron yana da ido, kala ce mai kyau.

Makanikan layinmu sun yi ta miƙo hannu za su tayar min da shi, na ce ba wanda zai taɓa. Na sa direba ya nuna min yadda ake yi, na sallame shi, na buɗe ƙofa da taga. Ashe da ƙafar dama ake bugawa, nauyin mutum duk ya koma kan ta hagu. Ba wanda ya gaya min wannan. Na buga na buga, na faɗi na tashi, na zage shi, na zage ka. Can sai ya kama.

Ƙarar ba tasa ba ce, ka yi gaskiya. Ban ma rufe ido ba. Na zauna a siminti kusa da shi, na ɗora tafin hannuna a jikin injin tun yana da sanyi. Yana ta rawa a ƙarƙashin hannuna. A hankali ya fara ɗumi, irin ɗumin bayan yaro in ka goya shi ya yi barci. Ƙanena, tun ranar da masu kaki suka tsaya min a ƙofa ban taɓa wani abu nasa mai ɗumi ba. Ka ce a bar shi ya yi zafi sosai. Na bar shi, ban kuma ɗauke hannun da wuri ba.

Shi ya sa ka ga rubutun nan a karkace, da hagu nake yi, tafin dama ya ƙone. Ɗinki ma sai ya jira. Kada ka aiko min da faɗa, kada ka aiko min da magani. Ka aiko min da baƙin mai irin wanda yake sha, ka rubuta min yadda ake zuba shi.

Yayarka